Tambaya Direba da Allon da Ya Zaɓa wa Kansa

Duk wanda ya zauna a Kura shekaru ashirin da suka wuce ya san Tambaya Direba, in bai san fuskarsa ba ya san kukan hon ɗin motarsa. Sunansa na yanka Ibrahimu, amma tun yana goye laƙabin Tambaya ya bi shi. Mutum ne dogo, baƙi, mai kaurin wuya, wanda ba ya ɗaga murya kuma ba ya janye magana in ya furta ta. Shekarunsa sittin a bana.

An haife shi a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a gidan manoman rani. Gonar mahaifinsa eka huɗu ce, amma a can ƙarshen kanal take, inda ruwan Tiga ke isowa a gajiye bayan na gaba sun sha sun ƙoshi. Saboda haka gidansu da ƙaramin injin ban-ruwa suka dogara, mai bakin inci biyu, wanda tsohon ya san iyakarsa: eka ɗaya, in an matsa ɗaya da rabi.

Shekarar da mahaifin ya rasu Tambaya yana da ashirin da biyu, jini na tafasa. Ya dubi eka huɗun nan ya ga abin kunya ne a ce ɗan gida ya bar uku a bushe. Ya yanka fangula har bakin iyaka, ya dasa tumatir a ko'ina. Kafin inji ya shayar da fangalin ƙarshe na farko ya tsage da ƙishi, in ya koma na farko na tsakiya ya sunkuyar da kai. Ya yi wata biyu yana gudu da tiyo a kafaɗa. Da lokacin tsinka ya yi, abin da ya fitar daga eka huɗu bai kai abin da tsohon ke fitarwa daga ɗaya ba. Bai jira a yi masa jaje ba. Ya bar gonar a hannun ƙannensa, ya je Kwanar Gafan inda ake lodin tumatir, ya shiga bin mota.

Ya yi shekara biyar yana wanke gilashi da ɗaure kwanduna kafin a ba shi sitiyari, sannan ya yi talatin yana jan babbar mota daga Kura zuwa Legas. Ɗaukar tumatir ba kamar ɗaukar siminti ba ne. Kaya ne mai rai, yana nuna yana lalacewa a bayanka, ga rami ba ka isa ka faɗa da ƙarfi ba. Dillalai sun shaide shi da abu guda: kwandon da Tambaya ya ɗauko, na ƙasa ma ba ya zubar da ruwa. A cikin shekarun nan ya aurar da ƙannensa, ya kuma kafa autansu Sagiru a cinikin shinkafa, har Sagiru ya zama Alhaji Sagiru mai injin casa biyu da gidan bene a Kumbotso.

Ciwon suga ne ya sauke shi. Ƙaramin miki ne a yatsa, ya raina shi, ya yi tafiya biyu da shi a cikin takalmi. Da ya dawo likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ta hagu, wato ƙafar kuloci.

Ba za a zalunci Alhaji Sagiru ba, ya tsaya wa yayansa tsayuwar ɗan halak. Sai dai daga ranar da aka sallamo Tambaya, komai nasa ya koma sai yadda Alhaji ya ce. Alhaji ne ya zaɓi ɗakin da zai kwana, ya sa aka toshe tagar da ke kallon titi wai saboda hayaniya, ya karɓi gonar ƙarshen kanal yana shuka abin da ya ga dama. Duk Juma'a bayan masallaci zai zo da ledar lemo, in Tambaya ya buɗe baki zai kawo shawara sai ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Yaya, kai dai ka huta. Ka bar mana tunanin." Tambaya ya gane cewa tare da ƙafar an yanke masa ta cewa a gidansa, kuma wannan yankan ya fi na asibiti zafi.

'Yarsa ta uku, Rauda, malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata. Wata rana ta nuna masa a wayarta hoton wani wasa da ake jan manyan motoci a kan titunan ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, da sitiyari na gaske da totur da birki a ƙasa. Ya kalla ya ce mai tuƙin bai iya ba, ya shiga kwana da faɗi da yawa. Sannan ya tambaya, kamar ba da gangan ba, ko wasan yana buƙatar kuloci.

"Ba dole ba ne, Baba. Ƙafar dama ta isa."

Bai shawarci kowa ba ya sayar da bijimin da yake kiwo. Rauda ta haɗa masa na'urar kwamfuta ta hannu, wadda aka taɓa amfani da ita, ta sa mata katin sarrafa hoto, wanda masu sana'ar ke kira girafik, matsakaici, ba na masu kuɗi ba amma lafiyayye. Ta ɗauko masa tsohon allon kwamfutarta, aka jona wutar sola, aka ɗaure sitiyari a jikin tebur. Daga ranar, da zarar ya karya kumallo sai ya sa hula, ya jingine sandunansa, ya yi bisimilla ya ta da mota. Titunan na Turawa ne, amma shi sunayen gida ya raɗa musu. Akwai gangaren da yake kira Jebba, akwai wata muguwar kwana a bakin dutse da ya sa wa Ogbomosho. Matarsa Kulu ta ce rabon da ta ji yana rera waƙa tun kafin asibiti.

Bayan wata takwas tsohon allon ya yi fari fat, ya mutu. Labari ya kai Kumbotso. Kwana uku tsakani sai ga mota a ƙofar gida da kwali wanda sai da mutum biyu suka ɗauka: talabijin mai inci hamsin da biyar, sabuwa dal. Mutanen layi suka fito kallo. Mai haɗawa ya huda bango ya rataye ta, Tambaya ya ba shi tukwici kamar yadda aka saba, kuma kowa ya san in an ba da tukwici kyauta ta karɓu. Alhaji ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya buɗe hannuwa.

"To Yaya, ga gilashin mota na gaske. Ko gidan kallon ƙwallo ba su da irinta."

Hoton kam ya yi kyau, muddin mota na tsaye. Da ya taka totur sai bishiyoyin bakin hanya suka fara tafiya da tsalle-tsalle kamar ana fizgar su. In ya juya sitiyari sai motar ta yi ɗan jinkiri kafin ta amsa, ɗan kaɗan ne, wanda ba direba ba ba zai lura ba. A rana ta farko ya bugi dutsen Ogbomosho. A ta biyu ya kifar da kaya a Jebba. Mutumin da ya yi shekara talatin bai taɓa zubar da kwando ba ya zauna yana kallon motarsa ƙafafu a sama, kansa na juyawa, ƙeyarsa na sara. Abin da ya fi tsorata shi ba faɗuwar ba ce. Ya fara zargin hannunsa ne ya mutu, cewa ƙila gaskiyar Sagiru ce, hutun ne ya rage masa.

Da Rauda ta zo ranar Asabar ta zauna ta gwada. Ta kunna wata ƙaramar lamba a kusurwar hoton, ta dube ta, ta girgiza kai.

"Baba, ba hannunka ba ne. Hoton nan ɗige-ɗige ne ƙanana, katin na'urarka ne ke cika kowane ɗigo da launi, ya sake, ya sake, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Lambar nan ita ke nuna sau nawa yake iyawa. A tsohon allo yana wuce sittin. A nan ga shi, ashirin da ɗoriya. Ɗigon talabijin ɗin Baffa ya ninka wanda katin nan ke iya ɗauka sau huɗu."

"Sau nawa kika ce?"

"Huɗu."

Tambaya ya kalli bango. Sannan ya yi wata gajeriyar dariya.

"Eka huɗu da injin eka ɗaya ke nan. Ai na san wannan cutar, ita ta kore ni daga gida."

Rauda ta rage yawan ɗigon don katin ya samu sauƙi. Tsallen ya ragu, amma rubutun bakin hanya ya dagule kamar an shafa masa mai, jinkirin sitiyari kuma yana nan, domin talabijin ɗin sai ta gyara hoto ta yi masa kwalliya kafin ta nuna. Magani biyu ne, in ji ta: ko a sayi babban kati wanda ya fi bijimi biyu tsada, ko a sayi allon kwamfuta daidai da ƙarfin wannan.

Kulu tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce, "Malam, ka rufa mana asiri. Kyautar da aka kawo a gaban mutanen layi, ka ba da tukwici, sannan ka sauke ta? In dole ne ka sayi ƙaramin, ka riƙa tura shi ƙarƙashin gado ranar Juma'a."

"In ɓoye kayana a ɗakina, saboda yaron da na goya a kafaɗa zuwa makarantar allo?"

"Yaron nan yanzu Alhaji ne."

"Ni kuma har yanzu yayansa ne."

A ƙasarsu ba a sayen injin ban-ruwa a kan kanta. Ana ɗaukarsa a kai shi bakin kanal, a jona tiyon da za a yi aiki da shi, a ga ruwan da ya tofo, sannan a yi ciniki. Tambaya bai ga dalilin da allo zai fi inji alfarma ba. Ya fitar da buhunan shinkafa daga rumbu ya sayar. Ranar Litinin ya sa aka kawo kwandunan tumatir biyu, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa da hannunsa, ya naɗe na'urar da zanin Kulu ya kwantar a ɗaya, sitiyari da matakan ƙafa a ɗaya, ya rufe da takarda ya ɗaure da igiya irin ɗaurin Legas. Shi da Rauda suka shiga motar haya zuwa birni.

Mai shagon da suka shiga a layin 'yan kwamfuta sunansa Hambali, mutum mai tumbi da fara'a. Da ya ga dattijo a kan sanduna ana biye da shi da kwanduna sai ya taso yana murmushi.

"Baba sannu da zuwa, amma an ɓatar da kai. 'Yankaba ake kai tumatir."

"Na kai tumatir Legas sau ɗari uku kafin a yaye ka. Share min teburin can."

Hambali ya ga ana zaro kwamfuta daga cikin ciyawa, ya riƙe baki. Ya ce a shagonsa ba a buɗe kwali sai an biya, amma ga na gwaji a jere, in Baba ya ga wanda ya burge shi sai ya nuna. Tambaya ya ce shi ba burgewa ya zo nema ba, a jona. Ya ɗaure sitiyarinsa a teburin mutane, ya zauna, ya gyara hula.

Aka fara da wani ƙato mai lanƙwasa, wanda Hambali ya rantse 'ya'yan manya ke rububinsa. Da aka kunna, mota ta ƙi ko motsin kirki. Tambaya ya leƙa bayan na'urar ya nuna da sanda.

"Ka jona tiyo a bakin da ba ruwa. Na ƙasa ne na katin, wancan na sama ba komai a cikinsa."

Maƙwabtan shago da suka taru suka kwashe da dariya, Hambali ya sosa ƙeya ya gyara. Tambaya ya ja mota zuwa Ogbomosho. Lambar kusurwa ta tsaya a arba'in, tana faɗuwa in an shiga gari. Ya ce a cire. Aka kawo mai inci ashirin da bakwai, mai laushin hoto, lambar ta haura hamsin amma da ruwan sama ya sauko a cikin wasan sai ta zube. Ya ce a cire wannan ma.

"Baba, saura ƙananan fa. Mutum kamarka ai sai babba."

"Haka na ce wa kaina ina da shekara ashirin da biyu. Kawo ƙaramin."

Mai inci ashirin da huɗu ne, baƙi, ba shi da wani ado. Rauda ta karanta bayan kwalin ta ce ɗigonsa daidai da ƙarfin katin ne, kuma yana iya sabunta hoto fiye da sau ɗari a daƙiƙa, saboda haka duk abin da katin ya zubo zai shanye ba ya zubarwa. Tambaya bai saurari ƙarshen bayanin ba. Ya taka totur, ya kafa ido a madubin gefe yana kallon turakun fitila suna wucewa sumul, ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa sitiyari, motar ta amsa tun kafin ya gama niyya. Ya tunkari kwanar da nauyin kaya a bayansa, ya rage, ya buɗe, ya shige, tayar baya ta wuce gefen dutse da tazarar tafin hannu. Wani a bayansa ya yi kabbara. Shi kuwa ya cire hannu daga sitiyari ya dube shi, gaba da baya.

"Wannan," ya ce. "Kuma wannan ɗin da na gwada, ba ɗan'uwansa na cikin kwali ba."

Ranar Juma'a Alhaji Sagiru ya shigo da ledar lemo, ya yi turus. Bango ba komai sai ramukan ƙusa huɗu. Talabijin ɗin tana ɗakin Kulu, ana jin muryar mai wa'azi daga can.

"Yaya, lalacewa ta yi? Ai sai a gaya min in sa a canzo."

Kulu ta leƙo tana yi wa mijinta alama da ido. Bai dube ta ba.

"Lafiyarta ƙalau. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma ta fi ƙarfin injina, kuma ba ka tambaye ni ba kafin ka saya."

"Tambaya kuma? Kyauta ce fa! Duk layin nan sun ga an shigo da ita. Ka sauke ta ka kafa wannan faranti? Me za a ce da ni?"

"A ce yayanka ya san abin da yake so. Zauna ka riƙe sitiyarin nan minti biyar, za ka gane."

"Ni ba yaro ba ne da zan zauna wasa."

"Ni ma ba yaro ba ne, Sagiru. Shi ne abin da nake gaya maka."

Rabon da Tambaya ya kira shi da sunansa tsura tun kafin Sagiru ya je Makka. Alhaji ya ajiye ledar a ƙasa, ya fara cewa Yaya kai dai ka huta, amma Tambaya ya ɗaga hannu.

"Na huta shekara uku, ya isa. Na ji ka sa a yanka fangula a gonar Baba har bakin iyaka, da inji guda. Bana eka ɗaya da rabi za a noma. Ni zan je in kafa turke."

"Da wace ƙafar?"

"Da wadda ta rage."

Alhaji ya fita ba sallama. Kulu ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, ta ce ya raba zumunci saboda abin wasa. Ya ce mata ƙafa likita ya yanke, bai ji an ce an haɗa da kai ba.

Washegari ya hau bayan babur, sanduna a kan cinya, har ƙarshen kanal. Ma'aikatan Alhaji suna kallo ya taka cikin laka, ya auna da idonsa, ya kafa turaku huɗu, ya ce duk wanda ya dasa ko tsiro ɗaya a wajensu shi zai shayar da shi da bakinsa. Babu wanda ya dasa. A hanyar dawowa ya tsaya wurin magini, ya ce gobe a zo a buɗe masa tagar da ke kallon titi.

Juma'a uku Alhaji bai zo ba. 'Yan'uwa suka yi ta aike, wasu na cewa Tambaya ya mayar da talabijin bango ko na rana ɗaya ne a wuce wurin. Ya ce bangon nasa ne, kuma ramukan ƙusa ba su dame shi ba.

A ta huɗu, bayan an sauko daga masallaci, yana cikin shigar da tirela da baya a wani matsattsen wurin sauke kaya sai hasken ƙofa ya ragu. Ya san tsayuwar, bai waiwaya ba. Alhaji Sagiru ya daɗe a tsaye, takalmi a ƙafa, yana kallon yadda bayan motar ke lanƙwasa a cikin ɗan madubin. Can ya yi gyaran murya.

"Yaya, masu dashe suna jira. A eka ɗaya da rabin nan, tumatir za a sa ko albasa?"

Tambaya ya juya sitiyari kwata, ya sassauta birki, idonsa a kan madubi.

"Cire takalminka ka samu wuri," ya ce. "Bari in gama ajiye mota."